Yaro ɗan shekara 17 da aka kora daga gida a Ingila: wa ke da alhakin ba shi masauki?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar ƙasar nan. Akwai wani yaro abokin ɗana, kwalejinsu ɗaya, shekararsa 17. Sun samu saɓani da mijin mahaifiyarsa, aka watso masa kaya waje, aka ce kada ya sake taka ƙofar gidan. Yau ya kwana ɗakin wannan aboki, gobe falon wancan. Yanzu yana wurinmu, amma gidan ɗaki biyu ne, ga 'yan mata sun tasa. Na raka shi ofishin gidaje na kansil, wato ƙaramar hukuma, wadda muka tarar ta ce ya koma gida ya ba da haƙuri, in ya ƙi kuma ya jira ya cika 18 ya zo ya cike fom. Saura wata huɗu ya cika. Don Allah haka dokar take?

Maman Sadik:
Wa alaikumus salam Baban Ilham, Allah ya saka da alheri da ka riƙe shi. A'a, ba haka take ba. Da matasa irinsa nake aiki, kuma wannan amsar da aka ba ku ita ce muke fama da ita kullum.

A Ingila duk wanda bai cika 18 ba yaro ne a idon doka. Saboda haka ƙofar da ta dace da shi ita ce sashen kula da yara, waɗanda muke ce wa 'yan soshiyal. Dokar Yara ta 1989, sashe na 20, ta wajabta wa kansil ta ba yaro mabuƙaci masauki idan wanda ke riƙe da shi ya kasa ba shi wurin zama da kulawa. Dokar ta ce ko kasawar ta ɗan lokaci ce ko ta dindindin, kuma ko mene ne dalilinta. Korar yaro daga gida tana ciki. Ko ofishin gidajen da kuka je, bai kamata su sallame ku haka ba. Aikinsu ne su ba shi wurin kwana na wucin gadi, su tura maganarsa sashen yara.

Ku koma gobe, kada ku bari sai jibi. Wata huɗun nan da ka ambata shi ne ya fi tayar min da hankali.

Kawu Garba:
Ni dai ina ganin an yi gaggawa. Yaro ya yi faɗa da mijin uwarsa, sai a kwashe shi a kai wa hukuma? Ina manyan unguwa, ina limamin masallacinsu? A gida in haka ta faru, ƙanen uba ko kawu ne zai ɗauke shi kwana biyu, zuciya ta huce, a zauna a sasanta. Da zarar 'yan soshiyal sun shiga gida ba sa fita. Za su buɗe wa uwar fayil, su sa wa ƙannensa ido, yaron kuma su kai shi inda babu mai tashinsa sallar asuba. Na ga yaran da suka shiga hannunsu suka fito ba su san kowa ba. Matar da ta ce ya je ya ba da haƙuri, ni ban ga laifinta ba.

Zahra'u:
Allah ya ƙara girma Kawu. Ba na jayayya da ku a kan sulhu, dokar ma sulhun take so, ƙa'idar gwamnati ta ce a fara duba ko yaro zai iya komawa cikin danginsa lafiya. Amma yayin da ake neman sulhun, a ina zai kwana?

Kotu ta riga ta yanke wannan magana. A watan Mayun 2009 alƙalan Majalisar Lords, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, sun yi hukunci a shari'ar wani yaro da ake kira G da kansil ɗin Southwark ta Landan. An haife shi a Somaliya, ya zo ƙasar nan da mahaifiyarsa yana ƙarami, yana da shekara 17 suka ɓata ta kore shi, ya riƙa kwana gidajen abokai. Kansil ta ce ai yaro ne mai wayo, taimakon neman ɗaki kawai yake buƙata, ta tura shi ofishin gidaje. Baroness Hale da sauran alƙalan suka ce sam. Idan sharuɗɗan sashe na 20 sun cika, sashen yara ba shi da ikon zame wa nauyin ya jefa wa ofishin gidaje. Tun daga ranar kowace kansil ta san wannan hukunci, a aji ma shi aka fara koya mana a wannan fanni.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai. Amma Maman Sadik, me ya sa wata huɗun ya dame ki? Ni na ɗauka in ya cika 18 abin zai fi sauƙi, tunda zai iya sa hannu da kansa.

Maman Sadik:
Akasin haka ne. Bari in yi bayani dalla-dalla, don nan ne mutanenmu ke asara ba su sani ba.

Yaron da aka ba masauki ƙarƙashin sashe na 20 ya zama ɗan riƙon kansil. Su za su biya kuɗin wurin zamansa, su ba shi na abinci da sutura, a haɗa shi da ma'aikacin soshiyal da zai riƙa bibiyar karatunsa da lafiyarsa. Idan ya yi mako 13 a wannan matsayi kafin ya cika 18, Dokar Barin Riƙo ta 2000 ta ba shi haƙƙoƙin da za su bi shi har bayan ya girma. Za a rubuta masa tsarin yadda rayuwarsa za ta tafi, karatu ko sana'a ko gida. Za a ba shi mai ba da shawara nasa na kansa, kuma tun dokar 2017 yana iya riƙe shi har ya kai 25. Ranar da zai kama ɗakinsa akwai kuɗin sayen kayan ɗaki, wanda gwamnati ta ce kada ya gaza fam 3,000. In ya shiga jami'a akwai tallafin fam 2,000. In ya sake rasa wurin zama kafin ya kai 21, yana sahun gaba a ofishin gidaje, ba sai ya tabbatar wa kowa yana da rauni ba.

To wata huɗu bai wuce mako 17 ba. In aka yi ta "je ka dawo" na wata ɗaya da 'yan kwanaki, mako 13 ɗin nan ba zai cika ba, mafi yawan abin da na lissafa ya wuce shi. Ranar da ya cika 18 kuwa, in bai taɓa shiga riƙo ba, ya zama baligi mara aure mara ɗa, irin wanda ofishin gidaje ba dole ne ya ba shi ɗaki ba.

Ɗan Zango:
Wallahi maganar Maman Sadik gaskiya ce. Ɗan 'yar'uwata haka aka yi masa a Landan. Sun zaunar da shi, suka ce zaɓi biyu ne. Ko ka shiga riƙo, a riƙa tambayarka ina ka je ina ka kwana, ko mu ba ka ɗaki a masaukin matasa ka nemi tallafin gwamnati na Universal Credit kuɗinka a hannunka. Yaro ɗan 16 me zai zaɓa? Ya zaɓi 'yanci. Ba wanda ya gaya masa abin da ya bari. Ya shiga masaukin, bashin haya ya taru masa saboda bai iya lissafin kuɗi ba, suka kore shi, da ya koma kansil aka ce shi ya jawo wa kansa. Mun sha wahala kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Zahra'u:
Yaya Ɗan Zango, wannan shi ne ainihin ciwon. Gaskiya ne yaro ɗan 16 ko 17 yana da damar ya ce ba ya son riƙo, ba a tilasta masa. Amma ƙa'idar da ma'aikatar ilimi da ta gidaje suka fitar tare a 2018 ta ce sai an warware masa komai, abin da zai samu da abin da zai rasa, yanzu da bayan 18, kuma a ba shi damar samun mai tsaya masa wanda ba ma'aikacin kansil ba ne. Kwamishinar Yara ta Ingila, Rachel de Souza, ta fitar da rahoto a 2023 a kan yara 'yan 16 da 17 marasa muhalli, ta gano cewa mafi yawan waɗanda aka ba masauki ba a sa su ƙarƙashin sashe na 20 ba. Shekara 14 ke nan bayan hukuncin Southwark.

Baban Ilham, ka ja kunnen yaron: kada ya sa hannu a kowace takarda da ke cewa ya ƙi riƙo sai ya yi magana da lauya ko wata ƙungiya. Shelter da Centrepoint da Coram duk suna ba da shawara kyauta, kuma irin wannan shari'a tana cikin waɗanda gwamnati ke biya wa marasa hali kuɗin lauya.

Kawu Garba:
'Yata, na ji doka. Amma duk lissafinku na fam ne. Ni tarbiyya nake magana. In ya zama "ɗan riƙon kansil" kamar yadda kuka ce, uwarsa fa? Ta haife shi ta raine shi shekara 17, sai a wayi gari ba ta da ta cewa?

Maman Sadik:
Kawu, a nan akwai ruɗani da ya daɗe a cikinmu. Riƙo iri biyu ne. Akwai wanda kotu ke ƙwace yaro saboda cutarwa, wannan sashe na 31 ne, shi ne wanda kowa ke tsoro. Sashe na 20 ba kotu a ciki. Haƙƙin iyaye yana nan a hannun uwarsa, ba a ɗauke mata ba. Za a gayyace ta zaman duba lamarinsa, kuma in an sasanta yana iya komawa gida. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta hana a ba shi masauki in shi ya yarda, tunda ya wuce 16.

Batun addini kuma, dokar da kanta a sashe na 22 ta ce dole kansil ta yi la'akari da addinin yaro da asalinsa da al'adarsa da harshensa wajen yanke shawara a kansa. Ba zan ce muku kullum ana cikawa ba, don ba a cikawa. Amma abu ne da za a iya tsayawa a nema, a rubuce. Wanda ke yawo gidajen abokai kuwa, Kawu, wa ke tashinsa asuba? Yaran da masu sayar da ƙwaya ke ɗauka suna aika su garuruwa da kaya, irin waɗannan suke nema, wanda ba wanda zai tambaya in bai kwana gida ba.

Ummu Yasir:
Ni ina riƙon yara ta hannun kansil, kuma zan faɗa wa Kawu abin da na gani. In an kai yaron Musulmi gidan da ba a san azumi ba, mafi yawan lokaci ba mugunta ba ce, babu gidan Musulmi da ya yi rajista ne a yankin. Muna da ɗakuna, muna da iyaye mata da yaransu suka tashi suka bar gida, amma da an ce za a zo a duba gida a yi tambayoyi sai kowa ya ja baya. Akwai ma tsari mai sauƙi na ba matashi ɗaki a gidanka, yana cin abinci tare da ku, kana koya masa girki da riƙon kuɗi, ana biyan ka. In muna tsoron inda za a kai 'ya'yanmu, sai mu buɗe namu ƙofofin. Wanda na riƙa tun yana 15 yana nan wurina bayan ya cika 18, domin tun 2014 doka ta yarda yaro ya ci gaba da zama gidan riƙonsa har 21.

Malam Habu:
Bari in ɗan kare ma'aikatan, na yi aiki a kansil kafin in yi ritaya. Ba don ƙeta suke yi ba. Kuɗi ne babu. Croydon ta ayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba a 2020, Birmingham ta bi sahu a Satumbar 2023, ita da ta fi kowace kansil girma. A shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 kansiloli a Ingila sun kashe sama da fam biliyan 2 a masaukin wucin gadi kaɗai. Yaro ɗaya da aka sa a sashe na 20 nauyi ne na shekara bakwai ko takwas. Manaja yana kallon wannan, yana kallon jarirai da ake cutarwa waɗanda su ma daga asusu ɗaya za a kula da su. Ga saurayi mai gemu ya shigo da ƙafarsa yana magana tsaf. Kun san wanda za a fara cewa ya jira.

Zahra'u:
Malam, na yarda da ku cewa babu kuɗi, kuma laifin ya fi na wadda ke zaune a kan tebur. Amma sashe na 20 ba alfarma ba ce da ake yi in akwai hali. Wajibi ne. Rashin kuɗi ba hujja ba ce a gaban alƙali. Kuma tsadar da ake gudu tana dawowa ta wata ƙofar, asibiti ko kotu ko gidan yari. Abin da ke ƙona min rai shi ne yaron da ke da babba mai Turanci a bayansa yana samun haƙƙinsa, wanda ya je shi kaɗai kuma a sallame shi da takardar lambobin waya.

Malam Habu:
A nan ba mu da saɓani. Shi ya sa zan ba Baban Ilham shawarar mai ciki. Kada ku tsaya a baki. Ku rubuta imel zuwa sashen kula da yara, da sunan yaron da ranar haihuwarsa, ku ce ba shi da muhalli, yana neman a auna buƙatunsa kuma a ba shi masauki ƙarƙashin sashe na 20 na Dokar Yara ta 1989. Ku ambaci hukuncin Southwark. Ka faɗi ranar da ba za ka iya ci gaba da riƙe shi ba, don in ka ce "yana wurina ba matsala" za a rubuta cewa yana da wurin zama. In sun ƙi, ku ce su ba ku ƙin a rubuce da dalili. Takarda tana sa a yi wa magana kallon daban. Ya kamata cikin ranar aiki ɗaya su yanke matakin da za su ɗauka. Kuma kowace kansil tana da lambar gaggawa ta dare da ƙarshen mako. In suka ce za su kai shi ƙananan otal ɗin nan na B&B, ku ƙi, ƙa'idar ta ce bai dace da ɗan 16 ko 17 ba ko da na gaggawa ne.

Hajiya Turai:
Tambaya gare ni. Na ji an ce in ka ajiye ɗan wani a gidanka dole ka sanar da hukuma. Baban Ilham bai shiga matsala ba kuwa? Sannan yaron yana da takardu? Don wasu yaranmu bizar iyayensu ta hana su taɓa kuɗin gwamnati.

Maman Sadik:
Hajiya, waccan dokar ta yaran da ba su kai 16 ba ce, ko 18 in yaron yana da nakasa. In irin wannan yaro zai yi kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba danginsa na kusa ba, dole a sanar da kansil. Na kusa a dokar su ne kaka, wa ko ya, kawu, baffa, inna, gwaggo, da mijin uwa ko matar uba. Ɗan aminiya ko jikan maƙwabcinku na gida ba ya ciki, ko da mu a wurinmu ɗa ne. An ƙara tsaurara abin bayan rasuwar Victoria Climbié a Landan a 2000, yarinyar da aka kawo daga Kodebuwa aka ba wata 'yar'uwa riƙo. Mu da muka saba da riƙo ya kamata mu san wannan. Amma yaron nan 17 gare shi, bai shafe shi ba.

Takardu kuma, nauyin da Dokar Yara ta ɗora wa kansil bai dogara da bizar yaro ba. Ofishin gidaje ne ke tambayar wannan, wanda ƙarin dalili ne na zuwa sashen yara. Sai dai in takardunsa ba su daidaita ba, a fara gyara tun kafin ya cika 18. Wanda aka haifa a nan ya yi shekara 10 na farkon rayuwarsa a ƙasar yana da damar yin rajistar zama ɗan Birtaniya, iyaye da yawa ba su sani ba.

Ɗan Zango:
To wanda ya riga ya wuce fa? Akwai wani a masallacinmu, 19 gare shi, a mota yake kwana.

Zahra'u:
Nasa ya fi wuya, amma ba a rufe ƙofa ba. Tun Afrilun 2018, ƙarƙashin dokar rage rashin muhalli ta 2017, duk wanda takardunsa suka ba shi dama, kansil za ta auna halinsa, ta rubuta masa tsari, ta yi kwana 56 tana taimaka masa ya samu wuri. Taimako ne, ba alƙawarin ɗaki ba. Ɗaki na gaggawa sai ga na sahun gaba: mai ciki, mai yara, wanda ya gudo daga cin zarafi a cikin gida, wanda ya taɓa zama a riƙo yana 16 ko 17 kuma bai kai 21 ba, ko wanda ciwo ko taɓin hankali ya raunana. Ku tambaye shi a hankali ko duka ne ya fitar da shi daga gida, don tun 2021 wannan kaɗai ya isa, kuma samarinmu ba sa faɗa saboda kunya. In an ƙi shi a rubuce yana da kwana 21 ya nemi a sake dubawa. Ku nemi Nightstop ma, suna kai matasa gidajen masu sa kai su kwana. Duk wannan na Ingila ne. A Sikotland sun soke batun sahun gaba tun ƙarshen 2012, Wales ma dokarta daban.

Kawu Garba:
Na karanta duka. Har yanzu ina nan a kan cewa gidan uwarsa ya fi masa kowane masauki, kuma ban ji daɗin yadda ba wanda ya tambayi halin da ita take ciki ba, tsakanin miji da ɗa. Ku rubuta takardarku, ban hana ba. Amma Baban Ilham, ka turo min lambarka ta gefe. In sun yarda, ni da liman za mu je mu ga mutumin bayan Juma'a. Maman Sadik, in 'yan soshiyal sun shigo, za su bar mu mu zauna a maganar ko za su ce ba ruwanmu?

Maman Sadik:
Za su bari Kawu, kansiloli da yawa ma suna shirya taron dangi, inda 'yan'uwa da manyan da iyali suka amince da su ke zama su fitar da mafita da kansu. Ku nema da sunansa na Turanci, family group conference. Amma a fara tambayar yaron ko ya yarda ku je, a kuma tambaye shi shi kaɗai, ba a gaban kowa ba, ko an taɓa sa masa hannu a gidan. In akwai duka, kada a matsa masa ya koma. Ita ma uwar a samu mace ta gan ta ita kaɗai. Imel ɗin kuma ya tafi gobe da safe, kada a jira Juma'a.